Sayen Kwamfuta Domin Ɗalibin Jami'a: Lissafin da Ke Gaban Iyaye da 'Yan Kasuwa a Keffi

KEFFI — A duk lokacin da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi ta buɗe sabuwar shekarar karatu, bayan kuɗin makaranta da kuɗin ɗaki akwai wani kaya guda da ke jiran aljihun iyaye, wato kwamfuta. Ga ɗalibin da aka ɗauka a fannin kimiyyar kwamfuta, wannan na'ura ita ce kayan aikinsa, kamar yadda keken ɗinki yake ga tela, kuma kuskure wajen zaɓenta hasara ce da takan bi gida har ƙarshen karatu.

Jami'ar, wadda aka kafa a shekarar 2001 zamanin mulkin Gwamna Abdullahi Adamu, shekara biyar bayan ƙirƙiro jihar a ranar 1 ga Oktoba 1996, tana da mazauninta a Keffi, da tsangayar aikin gona a Shabu kusa da Lafiya, da ta injiniya a Gudi. Ban da ita akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin Nasarawa da Jami'ar Tarayya a Lafiya. Dukkansu kasuwa ce ga mai sayar da kwamfuta, kuma kasuwar na ƙara faɗi. Tun shekarar 2015 Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, wato JAMB, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A watan Disamba 2022 kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin darussa wanda ya ware ilmin kwamfuta a matsayin fanni mai cin gashin kansa, da rassa irin su injiniyancin manhaja, tsaron intanet da kimiyyar bayanai.

Abin da ya sa lamarin ya zama na lissafi shi ne canjin kuɗi. Kusan duk wata kwamfuta da ke kanti a Nijeriya da dala aka sayo ta, ko ita kanta ko kayan da aka harhaɗa ta da su. Kafin watan Yuni 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa naira mara, ana canzar da dala ɗaya a hukumance kan kimanin naira 460. A watan Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan na'urar da kuɗinta ya kai dala 300 ta tashi daga wajen naira 138,000 zuwa naira 450,000 ba tare da an ƙara mata ko maɓalli ɗaya ba. Wannan adadi ya zarce albashin wata shida na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024. Ɗalibin da ya dogara da naira 20,000 a wata, wadda asusun ba ɗalibai rance na Gwamnatin Tarayya ya fara bayarwa a 2024 domin ɗawainiya, zai tara ta sama da wata 22 kafin ya kai, in har bai ci ko sisi daga ciki ba.

Laftof ko tabilet

Tambayar farko da iyaye kan yi ita ce ko kwamfutar allo, wadda ake kira tabilet, za ta wadatar a madadin kwamfutar cinya, wato laftof, tunda ta fi araha, ta fi sauƙin ɗauka, kuma batirinta ya fi jimawa. Amsar ta danganta da abin da yaron ke karantawa. Ga ɗalibin shari'a ko tarihi ko harsuna, wanda yawancin aikinsa karanta littattafai da takardun malamai ne, tabilet na da amfani ƙwarai, musamman da yake ƙaramin batirin ajiya na wayar hannu ma yana iya cajin ta. Amma ga mai koyon rubuta manhaja, tabilet ba ta isa ta zama na'ura ɗaya tilo ba.

Dalili kuwa shi ne yawancin tabilet suna aiki ne da tsarin wayar hannu, ko Android ko na iPad, wanda aka ƙera domin a yi amfani da manhajar da wasu suka gama rubutawa. Shi ɗalibin kwamfuta aikinsa ya rubuta tasa, ya gwada ta, ya gano kuskurenta, ya sake gwadawa. Zai koyi harsuna irin su Python da Java da C++, zai kafa rumbun adana bayanai a cikin na'urarsa, wani lokaci ma ya ɗora wani tsarin aiki a cikin wanda yake da shi domin darasin sadarwa ko na tsaro. Manyan manhajojin da ake wannan aiki da su, irin su Android Studio da Visual Studio, an yi su ne domin cikakkiyar kwamfuta. Akwai ƙananan manhajoji da ke ba da damar rubuta Python a kan tabilet, kuma sukan isa darussan shekarar farko, amma daga shekara ta biyu zuwa sama ɗalibin zai koma aron na'urar abokai, ya jira sai mai ita ya yi barci.

Wasu kan kawo hujjar cewa ana iya rubuta manhaja a intanet ta hanyar dandali irin su Google Colab, inda babbar kwamfutar kamfani ke ɗauke nauyin aikin. Haka ne, sai dai wannan hanya tana buƙatar layin da ba ya yankewa da kuma datar da ba ta ƙarewa, ga shi kuwa a watan Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Abin da aka rage wajen saye sai a biya shi kaɗan-kaɗan kowane mako. Togaciya ɗaya ita ce irin tabilet ɗin da ke ɗauke da cikakken Windows, kamar Surface Pro, amma ita kuɗinta na laftof ne, kuma gyaranta ya fi wuya.

Ba wannan ne karo na farko da ƙaramar na'ura mai araha ta ja hankalin masu neman sauƙi a harkar ilmi ba. A 2007 an gwada shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, a 2013 kuma gwamnatin Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare tabilet mai suna Opon Imo. Dukkan shirye-shiryen biyu domin yara aka yi su, su karanta su saba da na'ura, ba domin aikin ɗalibin jami'a ba.

Abin da ke cikin cikinta

Idan an tsaya kan laftof, abubuwa uku ne ke yanke hukunci, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake gani a jikin murfi.

Na farko shi ne ram, wato wurin da na'ura ke shimfiɗa aikin da take yi a halin yanzu, tamkar teburin mai shago: in ya yi ƙanƙanta, kowane kaya sai an shiga ɗakin ajiya an ɗauko. Ana auna shi da gigabait. Windows 11 na iya tashi da gigabait 4, amma tashi kawai zai yi. Android Studio kaɗai na neman gigabait 8 a matsayin mafi ƙaranci. Saboda haka 8 ita ce ƙasa, 16 kuma ita ce kwanciyar hankali ga wanda zai kai shekarar ƙarshe. Abin lura a nan shi ne ko ana iya ƙara ram ɗin daga baya. Yawancin siraran na'urori na zamani an narke shi a jikin allon na'ura, abin da aka saya da shi za a mutu. Wadda ke da gurbin ƙari tana ba mai ƙaramin ƙarfi dama ya fara da 8, ya cike a shekara ta biyu, ko da yake a ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya saboda yadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka riƙa wawashe shi.

Na biyu shi ne ma'ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yana da araha da faɗi, amma yana da nawa, kuma faɗuwa ɗaya daga kan babur na iya tafiya da aikin shekara guda. Sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, kuma ta ninka tsohon faifai sauri sau da yawa. Gigabait 256 na SSD ya fi gigabait 1,000 na tsohon faifai amfani ga ɗalibi, duk da cewa babban adadin shi ya fi daɗin faɗi a bakin mai talla.

Na uku shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kuma a nan ne aka fi yi wa mai saye rufa-ido, sau da yawa ma ba da gangan ba, domin shi kansa mai sayarwa haka aka sayar masa. An saba a kasuwa a ce wannan i5 ce, waccan i7, a ɗauka cewa i7 kullum ita ce gaba. Alhali kamfanin Intel ya riƙa fitar da waɗannan sunaye zubi-zubi kusan kowace shekara, kuma lambar da ke bin sunan ita ce ke nuna zubin. Alal misali, i7-7500U zubi na bakwai ce, kuma injin lissafi biyu gare ta. Ita kuwa i5-8250U zubi na takwas ce, wanda ya fito a 2017, tana da huɗu, kuma a aikin rubuta manhaja ta sha gaban waccan. Wanda ya biya ƙarin kuɗi saboda lambar 7 da ke jikin takardar da aka manna, ya sayi suna ne kawai.

Iyakar da ke tsakanin zubi na bakwai da na takwas ta zama iyakar kasuwa tun ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 da gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba aikawa, in ban da wani ƙarin wa'adi na shekara ɗaya da ya buɗe wa waɗanda suka yi rajista, zuwa Oktoba 2026. Windows 11 da ya gaje shi yana neman wata na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a hukumance ba ya karɓar yawancin furosesa na Intel da suka girmi zubi na takwas, ko na AMD da suka girmi jerin Ryzen 2000. Ma'anar wannan ita ce ɗimbin kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama domin sun kasa hawa sabon tsarin, su ne ke neman masauki a ƙasashe irin Nijeriya. Masu gyara sun san dabarar ɗora Windows 11 da ƙarfi a kan tsohuwar na'ura, har mai saye ya kunna ya gan shi ya gamsu, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan na'ura gyara ba.

Wannan bai sa tsohuwar na'ura ta zama shara ba. Tsarin Linux, irin su Ubuntu, kyauta ne, ba shi da nauyi, kuma a kansa akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet suke aiki, don haka ɗalibin da ya saba da shi ya ƙaru. Na'ura zubi na shida ko na bakwai mai gigabait 8 da SSD za ta iya kai mai koyon rubuta manhaja nesa a kan Linux. Sharaɗin kawai shi ne a sayar da ita da sunanta, a kuma saye ta da kuɗinta. Ɗalibin injiniya a Gudi kuwa lissafinsa daban ne, domin wasu manhajojin zane irin su SolidWorks sai a kan Windows suke aiki, kuma suna son na'ura mai ƙarfi.

Sabuwa ko ta hannu

Keffi na da tazarar kimanin kilomita 50 daga Abuja, saboda haka mai saye na da zaɓi tsakanin shagunan gari, da na Mararraba, da kasuwar Banex da ke Wuse. 'Yan kasuwa kuma kan yi sari daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas ko daga titin Beirut a Kano. A duk waɗannan wurare kayan hannu, wato tokumbo, su suka fi tafiya, kuma ba laifi ba ne. Na'urorin da aka ƙera domin ma'aikatan kamfanoni, irin su ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell da EliteBook na HP, an yi su ne domin su jure wahala, ana kwance su da sukundireba, kuma kayan gyaransu sun wadata a kasuwa. Sau da yawa irinsu mai shekara biyar ta fi sabuwa dal mai furosesa Celeron da ram gigabait 4 amfani, ko da kuɗinsu ya zo ɗaya. Sai dai a kula, samfur guda kamar ThinkPad T480 ko EliteBook 840 G5 ya fito da zubi na bakwai ya kuma fito da na takwas, don haka sunan samfur bai isa shaida ba, sai an kunna an karanta lambar furosesar daga cikin na'urar.

Kwamfutocin Apple da suka fito daga Nuwamba 2020 da furosesa M1 sun yi suna wajen jimawar batir, kuma wanda zai rubuta manhajar iPhone ba shi da makawa sai kwamfutar Apple, tunda manhajar Xcode a kan kwamfutocin Apple kaɗai take aiki. Amma ba a ƙara musu ram ko ma'ajiya, gyaransu na da tsada, kuma wadda aka saya a kulle da sunan tsohon mai ita ba ta da maraba da faranti. Na'urorin wasanni masu fitilu, waɗanda samari suka fi nacewa a saya musu, suna da ƙarfi, amma suna da nauyi, suna zuƙar wuta, batirinsu kuma ba ya daɗewa.

Maganar wuta ita ce ta sa batir ya zama abu na huɗu da ya kamata a ɗora kan ukun farko. Kuɗin wutar da laftof ke ci ba shi da yawa: na'ura mai cin wat 45 da ta yi awa takwas tana aiki ba ta kai rabin yunit ba, wato kimanin naira 81 ko da a farashin naira 225 da aka sanya wa rukunin masu samun wuta mafi yawa a Afrilu 2024. Matsalar ita ce samuwar wutar a ɗakunan haya irin na Unguwar Lambu da sauran unguwannin ɗalibai, da kuma tsadar man janareta tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023. Laftof ɗin da ba ta riƙe caji awa huɗu ta zama kwamfutar tebur. Batir kuwa kayan ƙarewa ne, kuma zafin watannin Maris da Afrilu na saurin tsufar da shi, kamar yadda ƙurar hunturu ke toshe fanka har na'ura ta riƙa ɗaukar zafi tana rage gudu. Abin ban sha'awa, ma'adinin litiyam da ake yin waɗannan batura da shi ana haƙo shi a cikin jihar, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a ƙaramar hukumar Nasarawa a watan Mayu 2024, amma batirin kansa daga waje yake dawowa da farashin dala.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane lafiyar batir kafin a biya. A kan Windows, umarnin powercfg /batteryreport na fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma ƙarfin da ya rage masa. In ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, to kuɗin sabon batir ya shiga ciniki. Haka kuma ya kamata a danna kowane maɓalli, a gwada kowace kafar caja da ta filashi, a buɗe murfin a rufe domin jin ƙarfin mahaɗinsa, a duba fuskar a kan farin shafi ko akwai tabo, sannan a tabbatar babu kalmar sirri a mashigar farko ta na'urar, kuma ba ta neman a shiga da sunan wani kamfanin waje. Cajar ma a duba ta, domin jabun caja kan kashe allon na'ura, wanda shi ne mafi tsada a jikinta.

Ɗan kasuwa ya san cewa kuɗin kaya daban, abin da kayan za su ci daban. A ƙaddara na'ura ta naira 450,000 da ta yi shekara huɗu: ta tashi a kan kimanin naira 9,400 a wata. Wata kuma ta naira 250,000 da ta gaza bayan wata 18 ta tashi a kan kusan naira 13,900 a wata, ga kuma sayen wata a gaba. Araha ba ta ado. Lokacin da gazawar kan zo shi ne ya fi muni, domin nauyin aiki na ƙaruwa ne a shekara ta uku, sa'ad da ɗalibi ke fita koyon aiki a ma'aikatu, da shekarar ƙarshe ta rubuta kundin kammalawa. Bugu da ƙari shekara huɗu a takarda takan zarce haka, kamar yadda yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas ya nuna a 2022. Saboda wannan dalili, gidan da ƙarfinsa bai kai ba a shekarar farko, ya fi masa ya jinkirta, yaro ya lallaɓa da ɗakin kwamfuta na makaranta da wayarsa, a sayi mai kyau a farkon shekara ta biyu, da a yi gaggawar sayen wadda za a sake.

Ga mai sayarwa, haɗarin yana wajen sari. Wanda ya zuba jarinsa a kwalayen zubi na shida da na bakwai domin ya same su da rahusa, yana riƙe da kayan da darajarsu ke sauka, a gaban abokan ciniki da ke karanta kimiyyar kwamfuta kuma suke zama aji ɗaya, inda labarin shago ke zagayawa cikin yini guda. Riba mai ɗorewa a garin jami'a tana wajen abin da ke biyo bayan sayarwa: ƙarin ram, sauya faifai zuwa SSD, batir, caja ta gaske, share ƙura, da sayen na'urar ɗalibin da ya gama domin sayar wa mai shigowa.

Rasit kariya ce ga ɓangarorin biyu. Ya kamata ya ƙunshi sunan shago, samfurin na'ura, lambar furosesa, yawan ram da ma'ajiya, lambar shaidar na'urar da ke ƙarƙashinta, da kwanakin garanti a rubuce. Satar laftof sananniyar matsala ce a garuruwan ɗalibai, karɓar kayan sata kuma laifi ne a dokar Finalkod da ake aiki da ita a jihohin Arewa, don haka dillalin da ya sayi na'ura daga hannun wanda bai sani ba, ba takarda ba shaida, yana iya rasa kayan da kuɗin, ya kuma kwana yana amsa tambayoyi. Mai saye da aka sayar wa abin da ya saɓa wa bayanin da aka yi masa yana da damar kai ƙara ga Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, kuma abu na farko da zai gabatar shi ne wannan rasit ɗin.